Mahalarta Bikin Komen Wasan Bidiyo

Ashe wasan bidiyo ma yana yin kome. Zai fito a yi ta rububinsa wata biyu, sai jama'a su yi masa saki ɗaya su koma wani. Bayan an kwana biyu kamfani ya wanke shi, ya ɗinka masa sababbin kaya, ya aika goron gayyata cewa amarya ta dawo ɗakinta. Haka aka yi da Fall Guys na kamfanin Mediatonic da ke Ingila, wasan da a farkonsa mutum 60 masu siffar ƙwayar wake ke tsere suna tuntsurawa har ɗaya ya cafke kambi. Ya fito a Agustan 2020 ana tsakiyar zaman korona, ya yi tashe, ya lafa. Epic Games ya saye kamfanin a 2021, ranar 21 ga Yunin 2022 kuma aka sake buɗe wasan kyauta, aka ce cikin awa 48 mutum miliyan 20 sun shiga. Irin wannan biki ba ya armashi sai an tara masu yaɗa wasa kai tsaye a dandalin Twitch an haɗa su gasa. Duk gasar da ka leƙa kuwa, fuskokin nan ne dai.

Akwai tauraron haya. Ranar gasa zai zauna gaban kyamara da ƙatuwar abar sauraro a kunne, ya rantse bai taɓa ganin wasa mai daɗin wannan ba, yana dariya tun kafin abin dariyar ya faru. A can ƙarshen sunan shirin, in ka ƙura ido, za ka ga 'yar alamar da ke cewa talla ce, domin doka a Amurka ta tilasta a faɗa. Ba kuɗin goro ake ba shi ba: kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa kamfanin EA ya biya mai yaɗa wasa Ninja kusan dala miliyan 1 don ya buga wasan Apex Legends lokacin fitowarsa a Fabrairun 2019. Shi tauraron haya ƙaunarsa da agogo take tafiya. In awa uku aka yi yarjejeniya, awa uku da minti ɗaya za ka gan shi ya koma wasan da ya saba, ko sallama babu.

Kusa da shi akwai gwanin da ya zo ɓata biki. An ce a zo a yi raha, shi ya kwana yana atisaye. Ba ya magana, ba ya murmushi, sai lashe zagaye yake yi ɗaya bayan ɗaya. Shi zai tafi da kuɗin gasar, amma masu kallonsa ba su cika motar haya ba.

Wanda kamfani ke addu'ar samu shi ne wanda bai iya ba. A 2020 mai yaɗa wasa TimTheTatman ya shafe kwanaki yana neman kambi ɗaya tak a Fall Guys bai samu ba, shafin wasan na Twitter yana yi masa shaƙiyanci kullum, jama'a na tururuwa don su ga yadda zai sake faɗuwa. Ranar da Allah ya ba shi sa'a, dubban ɗaruruwan mutane ne ke kallo. Ni dai ban ga tallar da ta kai wannan araha ba. Mai kallo ya ga ƙato da gemunsa ya kasa tsallake ƙofar roba, sai ya ce a ransa ai ko ni na fi wannan, ya je ya sauke wasan. Matsalar kawai ita ce ba a iya yin odar irin wannan mutum. Wanda aka biya ya faɗi da gangan, yaro ma yana gane shi.

Sai mai leƙe, wanda ke buɗe shirin abokin hamayya ya ga inda yake don ya yi masa ƙafar ungulu. A gasar Twitch Rivals ta Fall Guys a Nuwamban 2020, bayan an fitar da mai yaɗa wasa xQc, sai ya kutsa cikin zagayen da abokin hamayyarsa DrLupo ke bugawa ya riƙe shi don kada ya ci. Twitch ya dakatar da shi kwana 7. Mutum ne da ya taɓa buga gasar ƙwararru ta wasan Overwatch, amma ga shi an kama shi yana riƙe wa ƙwayar wake ƙugu.

Mafi yawan 'yan biki kuwa ba su san ana gasa ba. Su 'yan jiran rabo ne: an ce duk wanda ya kalli shirin na wasu awoyi za a ba shi riga ko hular wasa, ko izinin shiga kafin kowa. Sai mutum ya kunna, ya kashe sauti, ya kifa wayar ya tafi harkarsa. Da wannan dabara wasan Valorant ya tara masu kallo sama da miliyan 1.7 a lokaci guda a Afrilun 2020, har wasu masu shiri suka riƙa saka tsohon faifai dare da rana suna cewa kai tsaye ne. Mai shiri na barci, mai kallo na barci, jami'in talla kaɗai ne idonsa biyu, yana ɗaukar hoton alƙaluma zai kai wa shugabanninsa da safe. Shi ma nau'i ne, bawan Allah, amma bai da abin faɗi da ya wuce "mun kafa tarihi".

Kada a manta da ɗan asali. Shi ya sayi wasan da dala 20 tun ana sayarwa, kuma ba zai bari ka manta ba. An ba shi tukwicin kayan ado don a lallashe shi, ya karɓa, ya sa, yana ƙorafi. A wurinsa komai ya lalace: da can kambi sai an yi gumi, yanzu yara sun cika fili, shago ya fi wasan girma. A nan ƙarshen yana da 'yar gaskiya, don wasan kyauta da sayar da riguna yake ci. Gasar kuma takaici take ƙara masa, ganin an gayyato baƙin da ba su san hanya ba, shi da ya riƙe gida lokacin da kowa ya watse ko kati ba a aiko masa ba.

Daga can gefe kuma ga mai shelar mutuwa. Ana tsakiyar gasa, mai sharhi na ihu har muryarsa ta dushe, shi abu ɗaya yake rubutawa: wasan nan ya mutu. Yana da shafin ƙidayar 'yan wasa a buɗe kullum, in mutum dubu suka ragu da asuba sai ya sanar da lokacin jana'iza. In ka bincika za ka tarar kowane dare yana ciki yana bugawa. Abin haushin shi ne wani lokaci maganarsa tana tabbata. Kamfanin Ubisoft ya gina wasan Hyper Scape a 2020 musamman don Twitch, har masu kallo na jefa ƙuri'a kan abin da zai faru a fili, aka tara taurari, aka yi rabo, sannan aka rufe wasan a Afrilun 2022. Tun daga ranar babu wanda ya isa ya ce masa ya yi shiru.