Tuƙin Kwalekwale a Rafin Jakara

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), tana bakin Jakara ne, wato rafin da ya ratsa tsohon birni ya nufi arewa maso gabas har ya zube a madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya iso Kano a 1824, ya tarar da fadama mai agwagi ta kusan raba birnin gida biyu, amma Kanawan baya-bayan nan sun fi sanin ruwan da kwashe dagwalon unguwanni da shayar da lambunan latas.

Duk da haka, tun kafin a rufe rafin da kankare, an sami wani attajiri mai sayar da kayan yaji a Kurmi wanda ya ga tseren jirage a bikin kamun kifi na Argungu, ya dawo da yaƙinin cewa abin da Kabawa suka iya bai fi ƙarfin Bakano ba. Ya sayo tsohon kwalekwale a wajen masuntan Wasai, aka sauke masa shi daga a-kori-kura da hantsi, ya shiga da farar shaddarsa yana riƙe da filafili, wato faffaɗan itacen da matuƙi yake tura ruwa da shi.

Ƙa'idar wannan sana'a ita ce a riƙa tuƙi dama da hagu, domin wanda ya nace wa ɓangare ɗaya kewaya kawai zai yi, kuma attajirin ya tabbatar da hakan a gaban 'yan dako, waɗanda suka ga fuskarsa da ƙeyarsa bi da bi har aka kira azahar. Ƙa'ida ta biyu ita ce zurfi, ga shi kuwa ruwan bai kai gwiwa ba, saboda haka duk sanda filafilin ya nutse sai ya fito da leda ko silifa wari guda. Da wani dattijo ya leƙo ya ce, "Alhaji, in wani abu ne ya faɗa maka, a kira yara su lalubo," sai ya miƙe tsaye don ya yi bayani, alhali miƙewa ita ce babban abin da masunta suke hana baƙon jirgi.

Shaidu sun saɓa a kan launin shaddar bayan an tsamo shi, wasu suka ce baƙa, wasu suka ce kore, amma sun haɗu a kan cewa ranar ko kanumfarin rumfarsa bai iya ɓoye inda ya fito ba. Kwalekwalen kuwa wani mai kiwo ne ya saye shi da rabin kuɗi, yana zuba wa ragunan layya dusa a ciki.