Jinjina Ga Masu Kawo Mana Yaƙi Har Gida

Yabon gwani ya zama dole, mu kuwa mutanen Shema ba butulai ba ne. Mun daɗe muna kukan ba a tunawa da mu sai lokacin zaɓe. To ga waɗanda suka san da zamanmu. Mutanen dajin Rugu ba sa jiran a shimfiɗa kwalta kafin su kawo ziyara. Rani da damina, goyon uku-uku a kan babur, suna isa ƙauyen da motar asibiti ba ta taɓa takawa ba. Sun san wanda ya sayar da sa ranar kasuwa, sun san wanda ɗansa ya turo kuɗi daga Legas. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, amma su lissafinsu na gida-gida ba ya kuskure.

A da, kafin mutum ya ga yaƙi sai ya sha wuya. Kakana sai da aka loda shi a jirgin ƙasa, aka juye shi a na ruwa, ya yi ta amai a kan teku kafin ya kai ƙasar Bama. Kawu ya tafi yaƙin Biyafara a 1967, ya dawo a 1970 kunnensa ɗaya ba ya ji. Har ya koma ga Allah, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai kofin shayi ya suɓuce masa. Kakarmu takan ce duk shekarun nan ko ƙarar bindiga ba ta ji ba, sai dai ta raɓe a zauren maƙwabta tana sauraren rediyo, carbi a hannu. Baiwar Allah, an bar ta a baya. Jikokinta yanzu har ɗaka ake kawo musu, ba kuɗin mota. Yaro ɗan shekara bakwai, cikin dare, yana bambance kukan AK-47 da na harba-ka-ruga ta 'yan sa-kai, ilimin da Kawu bai samu ba sai da ya sa kaki.

Ga adalci. Ranar 5 ga Yuli, 2022, gab da Babbar Sallah, mutanen dajin suka buɗe wa ayarin fadar Shugaba Buhari wuta kusa da Dutsin-Ma, a kan hanyar Daura. Talaka ya ji sanyi a ransa, ashe ba shi kaɗai ake ƙauna ba. Ga kuma kishin ilimi: yara sama da 300 suka kwasa daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, suka dawo a Oktobar 2023 suka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, don kada a ce an manta da ilimin 'ya mace.

Hukuma ma ba ta zauna ba. Gwamna Masari ya yi sulhu da su a 2016, ya sake a 2019, har da hoto kafaɗa da kafaɗa da mai saɓe da bindiga. Da tubabbun suka huta suka koma bakin aiki, sai aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 a Satumbar 2021, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Dabara ke nan: ba sauran mai damun jami'an tsaro da kira ƙarfe biyun dare. An kuma ba mu shawarar kowa ya nemi makami ya kare kansa, mu da buhun taki ke gagara.

Wanda ya fi burge ni cikin 'yan bindigar nan Ado Aleru ne. 'Yan sandan Katsina suka sa naira miliyan 5 ga wanda ya nuna inda yake, bayan kisan mutane a Kadisau a 2020. A 2022 aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto da rana tsaka. A 2025 ga shi a taron sulhu a Ɗanmusa, ana ɗaukarsa a waya, kuma don tsabar wadatar zuci ba wanda ya je karɓar miliyan biyar ɗin.

Roƙona ga masu shirya zaman sulhu na gaba ɗaya ne. A tanadi kujerun sahun gaba ga matan da aka kashe wa maza da dattawan da suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa. Sun fi kowa zuba jari a harkar, su ya kamata su fara tafi.