Jagoran Mai Neman Gurbin Binciken Manufofin Raya Ƙasa

Gurbin horon bincike kan manufofin raya ƙasa dama ce da ake bai wa matashin da ya gama digiri na biyu ko na uku, ya shekara ɗaya ko biyu yana nazarin hanyoyin rage talauci, ana biyan sa. Al'adar ta daɗe. Tun 1963 cibiyar ODI ta Landan take tura matasan masana tattalin arziki aikin shekara biyu a ma'aikatun ƙasashe masu tasowa. A Afirka akwai CODESRIA a Dakar tun 1973, da AERC a Nairobi tun 1988, masu tallafa wa matasan masu bincike. Ƙofofin suna da yawa, amma hanyar zuwa bakinsu kusan ɗaya ce.

Mataki na farko shi ne karanta sharuɗɗa. Sanarwa takan nemi sabon shiga, amma wanda ya buga maƙaloli a mujallun ilimi, ya yi bincike a karkara, ya iya manhajar Stata ko R, in da hali ya taɓa ba minista shawara. Jariri mai furfura ke nan. Wanda yajin aikin jami'a ya ci wa shekaru, ya ɗora da ta bautar ƙasa, yakan wuce iyakar shekaru kafin ƙwarewar ta taru. Maganin wannan shi ne a soma tara ta tun daga firamare.

Na biyu, tsarin binciken da mai nema zai yi. A shafi biyu ake so ya warware abin da ya gagari gwamnatoci tun samun 'yancin kai. Ba a rubuta cewa manoma ba su da taki. Cewa ake akwai giɓi wajen isar kayan noma ga masu ruwa da tsaki. Sannan a rataya maganar a wuyan ɗaya daga muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. Kowanne aka ɗauka zai shiga.

Na uku, wasiƙar shaida, kuma a nan yawancin masu nema suke tsufa. Ana buƙatar biyu ko uku daga manyan malamai, kowanne ya aika da kansa ta intanet. Mai nema yakan je ofis ya rusuna: "Ranka ya daɗe, maganar wasiƙar nan ce." Amsar ba ta canzawa: "Ba komai, ka tuna mini gobe." Goben Farfesa yana taro a Abuja. Mako na gaba ya tafi Umara. Da ya dawo, saƙon neman wasiƙar bai shigo ba. Da aka sake turawa, ya shigo, amma kalmar sirrin imel ɗin tana wurin wani ɗalibi da ya kammala bara. Kira kullum rashin kunya ne, yin shiru kuma alamar ba a damu ba. Daga ƙarshe sai ya ce: "Kai dai rubuto, in sa hannu." Haka mutum zai zauna tsakar dare yana yabon kansa da muryar wanda bai riƙe sunansa ba, yana auna ko "haziƙi" ya yi yawa. Wasiƙar da ba ta wuce aikin minti ashirin ba! Kuma duk wanda ke karanta ta a can ya san yadda aka yi ta, amma ba a fasa nema ba.

Takardar sakamakon karatu daga jami'a: a yi addu'a.

Na biyar, ko na shida, jarrabawar Turanci. Wanda ya yi karatu da Turanci tun aji ɗaya zai biya kuɗi mai tsoka ya tabbatar yana jin Turancin. Sakamakon jarrabawar IELTS shekara biyu yake aiki, bayan nan a ƙa'ida Turancin ya lalace. Idan aka haɗa da kuɗin fasfo, data da man janareta, za a gane cewa nazarin talauci sai mai hali.

Ranar rufewa tana buƙatar lissafi, domin sau da yawa da agogon wata ƙasa ake ƙayyade ta. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban GMT da awa ɗaya, yana gaban na Washintan da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara. Lissafin ba ya hana ɗauke wuta, ba ya kuma rage nauyin fayil ɗin da shafin neman gurbin ya ce ya yi girma.

Sakamako iri uku ne. Akwai shiru, wanda ya fi yawa. Akwai wasiƙar da ke yaba ƙwazon mai nema a sakin layi na farko, ta kashe shi a na biyu. Akwai kuma nasara, wadda ke kai mutum layin neman biza, inda za a iya tambayar sa shaidar banki cewa yana da irin kuɗin da ya nemi gurbin domin ya samu. Wannan babi ne na wani littafin daban.