Kunnen Bazazzagi da Lasifikar Lu'ulu'u

Bazazzagi bawan Kanawa, ina gaisuwa, duk da na san yanzu ba ka amsa gaisuwar da ba ta cikin lasifikar Ingila ta fito ba. Labarinka ya game dangi da abokai. Ka tafi Landan ganin jika, kowa na jiran tsarabar turare da agogo, sai ka dawo da takardar kwantena. Da kayan suka iso Zariya aka sauke akwati biyu, kowanne ya haura kilo 90, ƙarti suka yi ta nishi, maƙwabta kuma suka shigo yi wa Hajiya barka da sabon firji. Ashe Bowers & Wilkins ce, samfurin 802 D3, ta hannu, kuma tun ranar ba a sake yin hirar duniya da kai ba sai ta sauti.

Ba zan ci amanar gaskiya don ina zolayarka ba. Kayan na ƙwarai ne, kuma gidan da ya ƙera su tsohon gida ne. John Bowers ya fara ne da haɗa lasifika a bayan shagon kayan rediyo da suke da shi da abokinsa Roy Wilkins a garin Worthing, can gaɓar tekun kudancin Ingila. Wata dattijuwa cikin masu sayayya a wurinsa ta ji daɗin aikinsa har ta bar masa wasiyyar fam 10,000, da ita ya kafa kamfanin a 1966. Wannan ɓangaren kana karanto shi daidai, har da lumshe ido. Inda kake ɓaro jirginka shi ne wajen Abbey Road. Duk baƙon da ya zauna sai ka gaya masa wai da irin wannan lasifikar 'yan Beatles suka saurari waƙoƙinsu a ɗakin ɗaukar sautin nan. Malam, Beatles sun watse a 1970. Samfurin 801 da ya kai kamfanin Abbey Road bai fito ba sai 1979, aka girka shi can a 1980. Shekara goma kenan tsakani. A garin da ke taƙama da jami'a, a ce lissafin ɗebewa ya gagari dattijo!

To mu zo kan shaidarka, tunda ita kake rabawa kyauta. Ka ce kana jin numfashin mawaƙi kafin ya buɗe baki. Ka ce kana jin yatsa na goga tsirkiya. Ka ce idan ka rufe ido sai ka nuna inda mai ganga yake tsaye da inda mai sarewa yake zaune. Duk masu wannan lasifikar haka suke faɗa, daga Turai har Amurka, kamar malami guda ya biya musu. Amma tambayar mai kaya ko kayansa na da kyau daidai take da tambayar ango a makon farko ko amarya ta iya girki. Wanda ya zuba dukiya irin wannan, bakinsa ya riga ya ɗauru. Sabuwarta a 2015 dala 22,000 ake sayar da guda biyun. Ko rabin haka ka biya, wane ne zai fito fili ya ce kunnensa na zafi?

Masu faɗin haka akwai su, sai dai sukan faɗa ne bayan sun sayar. Ƙorafinsu guda ne, kuma ya daɗe yana bin wannan jerin lasifikar: siririn amo na sama ya cika fitowa gaba, yana burge mutum a minti goma na farko a shago, amma idan aka zauna da shi sa'a biyu sai ya fara tsira kunne. Waɗansu suna cewa wannan ai tsabta ce, lasifikar ba ta rufa wa faifai asiri. Waɗansu suna cewa yaji ne aka ƙara da gangan don a ja mai saye. An shekara da shekaru ana wannan musu, kuma kowane ɓangare yana kiran ɗayan kurma.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kowane ƙorafi yake da magani, kuma kowane magani kuɗi ne. Da ka fara jin tsinin nan, ba ka zargi lasifikar ba, ka zargi amfilifaya. A nan kam kana da 'yar hujja. A takarda om 8 aka rubuta mata, amma a wasu amon tana sauka har om 3, wato tana zuƙar wuta fiye da yadda ƙaramar amfilifaya za ta iya shayar da ita, kuma kamfanin da kansa ya ba da shawarar mai ƙarfin wat 50 zuwa 500. Ka sayo ƙatuwa. Tsini bai tafi ba. Sai ka ce wayoyi ne, ka aika aka kawo maka waɗansu masu kaurin wutsiyar sa, kuɗinsu ya isa sadaki da lefe. Tsini na nan. Sai ka ce ai lasifika sai ta yi ɗaruruwan sa'o'i tana aiki kafin muryarta ta buɗe, ka bar ta tana ruri dare da rana har Hajiya ta yi barazanar tafiya gidansu. Bawana, ta hannu fa ka saya! Baturen da ya riga ka ya yi shekaru yana buɗe mata murya. Kuma da ka karanta 'yar takardar da kamfanin ke sakawa a akwati, da ka ga su kansu kimanin sa'a 15 suka ce sassanta ke buƙata su saki jiki, har suka ƙara da cewa masu ganin sai an yi wata guda, galibi kunnensu ne ke sabawa. Ranar da ka kira ni kana murna wai ta buɗe, kai ne ka buɗe.

Sai batun lu'ulu'u, wanda shi ne rawanin taƙamarka. 'Yar kwalliyar nan da ke zaune can ƙoli, mai fitar da siririn amo, da lu'ulu'u aka yi ƙoƙonta. Gaskiya ne, tun 2005 suke yin haka. Amma ba haƙo shi aka yi ba, a ɗakin gwaji ake tsirar da shi daga iskar gas mai zafi har ya zama ɓawo siriri, don haka ka daina gaya wa yara cewa gadonsu na kan lasifika. Hikimar abin ita ce tauri da rashin nauyi: ƙoƙon ƙarfe yakan fara lanƙwashewa yana ƙara amon kansa idan girgiza ta yi sauri, shi kuwa wannan ba ya fara hakan sai wajen girgiza 70,000 a daƙiƙa, nesa da inda ɗan Adam ke ji, don abin da ke ƙasa ya fito wasai. Aikin injiniya ne mai kyau, na sara musu. Sai dai kunnen yaro lafiyayye a 20,000 yake tsayawa, kuma tun daga ƙuruciya saman nan yake zaizayewa. Mai furfura irinka, wanda ya sha ƙarar babur da janareta da lasifikar biki, idan ya kai 12,000 sai ya yi sadaka. Abin da ya rage can sama, jemagun unguwarku ka saya wa. Kuma ina mamakin kunnen da ya shekara sittin bai rarrabe “ya zo” da “ta zo” ba, kunnen da ke jin “matana ya dawo” bai ji komai ya karkace ba, wai yau shi ne ke rarrabe wayar azurfa da ta jan ƙarfe.

Ƙoƙon nan kuma ba ya son wasa, yatsa ɗaya ya isa ya farfasa shi, shi ya sa aka yi masa raga. Na ji yanzu jikoki ba sa shiga falo sai da rakiya. Ka je Ingila don jika, ka dawo da abin da ya kore jikoki.

Falon ma abin dubawa ne. Ƙasa tayil, gefe tagogin gilashi, sama sili mai santsi, tsakiya teburin gilashi, ba kafet ba labule mai kauri. Sauti idan ya fito ba kunnenka kaɗai yake nufa ba, yana dukan bango ya dawo, ya daki ƙasa ya dawo, kuma a ɗaki irin naka abin da ke dawowa yana gogayya da abin da ya taho kai tsaye. Can Abbey Road da kake ambato, an kashe wa bangon ɗakin kuɗi da ilimi kafin a shigar da lasifika. Irin wannan lasifikar tana son a janyo ta daga bango, a ba ta fili, mai sauraro ya zauna tsakiya. Taka kuwa Hajiya ta ce ba za a tare mata hanya ba, aka tura ɗaya lungu kusa da kabad, ɗaya bakin ƙofar kicin. Ta lungun tana gurnani, ta bakin ƙofar tana cigiyar 'yar'uwarta. Idan aka ɗauke wuta kuma janareta ya tashi a bayan taga, numfashin mawaƙin nan da kake ji, anya ba na injin ba ne? Kafet da labulen da ba su kai kuɗin waya ɗaya ba sun fi duk abin da ka ƙara saye gyara maka sauti, amma kafet ba ya zuwa da sunan Bature, ba za ka iya yi wa baƙi lacca a kansa ba.

Me ma kake saurare? Da na ji kuɗin da aka kashe na ɗauka ƙungiyar makaɗan Jamus za ka tara a falo. Ashe Shata ne da Ɗan Maraya Jos, kuma a nan ban ga laifinka ba, ko ni su nake ji. Amma ka dubi hanyar da suka bi kafin su iso gare ka: daga tsohon kaset da ya sha rana a mota, wani yaro a kasuwa ya juye shi a kwamfuta, aka matse shi, aka tura ta WhatsApp, kai kuma ka harba ta Bluetooth. Abin da ya zube a hanya ya zube, lu'ulu'u ba ya dawo da shi. Abin da lasifikar kirki za ta yi maka shi ne ta fito da shuuu ɗin kaset ɗin tsaf, ka ji shi dalla-dalla. Shata ya rasu a 1999 bayan ya cika ƙasar Hausa da muryarsa ta rediyo mai batir, direbobi da 'yan kasuwa suka haddace shi ta lasifikar da ba ta kai tafin hannu ba, ba wanda ya ce kalangun bai fito ba.

Kan daraja kuwa, bar wa Bakano, don nan gonarmu ce. Kana cewa wannan kadara ce, ba ta faɗuwa. Baturen da ya sayar maka da ita a kan ragi shi ma haka ya gaya wa matarsa. Ko gidan da ke ƙera ta ya sha ciniki: ya fita hannun tsoffin masu shi a 2016, ya koma Sound United a 2020, sannan Masimo, masu ƙera na'urorin asibiti, suka sayi Sound United ɗin gaba ɗaya a 2022 kan sama da dala biliyan 1. A 2025 suka sallama wa Harman, reshen Samsung, kan dala miliyan 350, har da Denon da Marantz a cikin ƙunshin. Manya masu akantoci kenan. Kai da ke Zariya, idan ta kama ka sayar, wa zai taya? Mu a wurinmu darajar kaya ita ce abin da mai saye ya ƙirga ya miƙa, ba abin da mai kaya ke ji a ransa ba. Mai kiɗan biki zai duba ya ce ba ta da ƙarar cika fili, mai masallaci ya ce ba ta hawa hasumiya.

Harman ɗin nan da na ambata, a can ne Floyd Toole da Sean Olive suka yi wani gwaji da aka buga a 1994, kuma da kai nake tunawa duk lokacin da ya faɗo mini. Sun zaunar da ma'aikatan kamfanin suka saurari lasifika iri-iri, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labulen da sauti ke ratsawa. Da ido na gani, manya masu tsada da ƙyalli suka kwashe maki. Da aka saki labule, tazarar ta tsuke, ƙaramar mai araha ta ɗago kai, kuma ƙwararrun cikinsu ma ido ya ja su kamar kowa. Wani abin kuma, a bayan labule mutanen sun lura sosai idan aka sauya wa lasifika wurin zama a ɗaki, amma da suna kallonta sai suka kusan daina lura. Yau ga shi gidan da ya yi wannan tonon silili shi ne uban gidan lasifikarka.

Don haka ga abin da za a yi. Ba zan haɗa lasifikarka da tawa ba, na san taka za ta ci, ni ba mahaukaci ba ne. Wayoyin nan nake so. Ranar Asabar bayan la'asar zan shigo Zariya da wayar wuta ta kasuwar Sabon Gari, mai kauri daidai misali, irin wadda masu wayarin ke saye da yadi. Za mu ɗaure maka ido da rawaninka, ƙaramin ɗanka ya riƙa sauyawa ba tare da ya yi magana ba, Hajiya ta riƙe takarda da biro, don ita kaɗai ce a gidan ba a saye ta ba. Sau goma za a kunna, kuma ka zaɓi waƙar da kake so. Idan ka canka tara, zan tsaya a ƙofar gidanka in ce Zage-zagi sun fi Kanawa kunne, da ƙarfi, maƙwabta na ji. Idan ka kasa, wayoyin sun zama nawa a farashin da 'yan jari-bola ke auna jan ƙarfe, kilo-kilo, kuma ni zan zo da sikelin. Ka sa a tanadar mini rake, mai kyau, ba irin wanda kuke ba baƙi ba.