Zuwa ga bawana Babarbare, mai yaƙi da teɓa

Bawana, gaisuwa irin ta ubangida mai tausayi. Labari ya iso mini cewa ka ɗaura yaƙi da teɓarka, har ka kafa doka a gida: ba burabusko, ba shinkafar dare, sai fura da nono. Da aka tambaye ka dalili, wai sai ka gyara zaman hula ka ce, ai Fulani ba su da ƙiba, kuma Fulani nono suke sha, saboda haka nono ne maganin ƙiba. Na ji daɗi da Allah Ya nuna maka cewa tsira tana cikin koyi da mu Fulani, iyayen gidanka. Hujjar taka ce dai ta ba ni tausayi.

Tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu. Ka nuna mana biyu, na ukun ka binne shi cikin toka, wato kana ɗauka, ba tare da ka furta ba, cewa nono ne kaɗai ya raba ka da makiyayi. Ga yadda ake tono irin wannan dutse: a faɗi kishiyarsa, a ga ko tukunyar za ta tsaya. In akwai wani bambanci ban da nono, maganarka ta kife. Kuma akwai shi. Makiyayi ya sha ƙwarya guda da hantsi, ba zai sake ganin abinci ba sai shanu sun dawo. Kai kuwa taka furar da sukari take, da madarar gwangwani, kuma bayan tsire take sauka. Ka leƙa ma 'yan'uwana da suka bar sanda suka kama kujerar ofis, ka gani ko nonon ya hana babbar riga tsayuwa a gaba.

Kada kuma ka yi wuf ka ce to ashe tafiya ce sirrin. A nan ma akwai abin da aka binne. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa 'yan ƙabilar Hadza na arewacin Tanzaniya, mutanen da ke yini a daji suna farauta da haƙar saiwa da ɗibar zuma. Kowa ya zaci kalorin da suke ƙonawa a rana zai yi wa na mazauna birni fintinkau. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka tarar kusan ɗaya ne da na mutanen Amurka da Turai. Tafiya tana gyara zuciya, tana taimakon mai hawan jini da mai ciwon sukari, ka yi ta. Amma zagaya layinku sau biyu bayan la'asar ba zai biya bashin akushin da ka share da azahar ba.

Na san abin da za ka ce, domin na sha jin sa a bakinka: “Wallahi ba na cin komai.” Wannan rantsuwa tana tsaye ne a kan zaton cewa abin da ka tuna shi ne abin da ka ci. A 1992 wasu likitoci a birnin New York suka ɗauki mutum 10 masu irin wannan kuka, waɗanda ke cewa ba sa kaiwa kalori 1,200 a rana amma ƙiba ta ƙi tafiya. Aka auna yadda jikinsu ke ƙona abinci, aka same shi lafiya lau. Aka auna abin da suke ci, sai ga shi sun rage kusan kashi 47 cikin ɗari a lissafinsu. Ba maƙaryata ba ne, baki ne ya fi ƙwaƙwalwa sauri. Kai ma a wurinka abinci shi ne wanda aka zauna aka wanke hannu. Kilishin da kake yaga a mota ba ya cikin lissafi, haka gyaɗar majalisa, da shayi mai kauri kofi uku, da lemon kwalbar da ake miƙa maka a kowace walima kana cewa ba kyau a mayar da hannun kyauta. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne ko kusa da haka, kuma na ga yadda kake kallon uwargida in ta tsaya a cokali biyu.

Sai batun shekaru, wai tun da ka haura arba'in jikinka ya daina ƙona abinci. A 2021 mujallar Science ta buga awon mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jaririn kwana 8 har tsoho mai shekara 95. Daga shekara 20 zuwa 60, ƙonawar tana nan daram in an daidaita da girman jiki, sai bayan 60 take fara sauka a hankali, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Ko dai ka ɓoye mana shekara ashirin, ko kuwa abin da ya canja a arba'in ɗin aljihunka ne. Ƙaton jiki ma ya fi siriri cin kalori ko yana kwance, don haka kai ka fi ni ƙonawa.

Kilo biyun da kake shela ka zubar a makon farko kuwa, wa ya ce maka kitse ne? Sikeli nauyi yake faɗa, ba ya faɗin na mene ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Ka rage tuwo, ajiyar ta ragu, ruwan ya bi fitsari. Kilo ɗaya na kitse kalori 7,700 ne a ƙiyasi. Biyu a kwana bakwai sai mutum ya kusa daina ci ɗungurum, kai kuwa an gan ka.

Don kada a ce na zalunci bawa, akwai inda kake da gaskiya. Jiki yakan rage ƙonawa idan an matsa masa da yunwa. A 2016 Kevin Hall da abokansa suka bi sawun mutum 14 da suka shiga gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, The Biggest Loser. Sun zubar da kusan kilo 58 kowanne a matsakaici cikin mako 30. Bayan shekara shida yawancin nauyin ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya dace da girmansu a kowace rana. Gaskiya ne, kuma abin tausayi ne. Amma kafin ka rataya wannan a wuya, sai ka nuna mana ta ina ka yi kama da su. Su kilo 58, kai kilo biyu na ruwa.

In har ka dage cewa jikin ne, akwai ciwon halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Idan aikinta ya yi rauni takan kawo kasala da ƙarin nauyi, kuma gwajin jini yana nuna hakan. Ka je a duba. Kafin sakamako ya fito, a sayi littafi da biro a rubuta duk abin da ya wuce maƙogwaronka na mako guda. Uwargida za ta riƙe biron, ba kai ba, kuma ka gaya mata na ce ta haɗa da abin da ake ci a tsaye gaban firji bayan yara sun yi barci.