Tsarabar Andalus a Gonar Bunkure

A shekarar da tumatir ya yi daraja a Kwanar Gafan, har manoman rani na Kura suka shiga sayen abin da ba su san sunansa ba, ɗan ƙanena ya kawo mini tsarabar wata doguwar kwalba mai wuya naɗe da takardar zinariya, ya ce ruwan jan inabi ne na ƙasar Sifaniya, wanda ba a bari ya tsima ya zama giya ba. Da jin sunan ƙasar sai raina ya yi fari, gama ita ce Andalus ta Ibnu Rushdi da Alfazazi mai Ishiriniya, wadda mulkin Musulmi ya ƙare a cikinta da faɗuwar Garnaɗa a 1492. Na ce abin da ya fito daga can ba za a sha shi a tsaitsaye kamar kunun kasuwa ba.

"Baffa, ai shansa ma ilmi ne," in ji yaron. Ya bayyana mini cewa mutanen lardin Riyoha, masu inabin da suke kira Tempranillo, sukan tsare giyarsu cikin gangar katako da kwalba, wata shekara 2, wata 3, wata har 5, kowace da laƙabinta, kuma mai ɗanɗano sai ya dubi launi, ya jujjuya kofi, ya sansana, sa'an nan ya kurɓa, ya bi da gasasshen naman ɗan rago. Na yi a'uziyya daga giyar, amma ladubban sun burge ni, na ƙudura aiwatar da su a kan halaliyata.

Na ɗaure kwalba a bayan babur, na bi gefen babbar hanyar ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, cikin rana da gargada, har gonar wani aminina a Bunkure. Ɗan rago dai bai samu ba. Abin da aka gabatar shi ne tuwon shinkafa da miyar kuka wadda ta ji daddawa, da tsire na ɗari biyar.

Limamin ƙauyen, da muka tarar a can, ya karɓi kwalbar da gefen rigarsa, ya ce siffarta kaɗai shubuha ce. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai hukunci illa yake bi, illar kuwa maye ce, ba tsawon wuyan kwalba ba." Aka yi ta muhawara har tuwo ya yi ɓawo, aka kira wani ɗan makaranta ya karanta rubutun jikinta da ƙarfi, daga bisani Liman ya ba da fatawar halacci, bisa sharaɗin kada a gwara kofuna, kuma shi ne zai sha a ƙarshe.

Na yi bisimilla, na warware wayar da ke bakinta. Babu wanda ya sanar da ni cewa irin wannan da iska ake cusa shi, balle wanda ya sha jijjiga tun daga Kura. Toshiyar ta fita da ƙara, ta ɗauke hular Liman, ta jefa ta cikin ruwa, ruwa kuwa ya nufi gonakin shinkafa da ita. Mafi yawan Andalus ta ƙare a gaban farar babbar rigata.

Abin da ya rage bai cika kofin silba ba, amma ban fasa ladubba ba. Na leƙa, na ga fuskata; na jujjuya, na ƙara wa hannun riga; na sansana, na ji daddawa da takin zamani. Na kurɓa bayan lomar tuwo, kuka ta shafe ɗanɗanon, na kurɓa bayan tsire, yaji ya kore shi. Wani tsoho mai ban ruwa ya karɓa ya taɓa a leɓe, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, wannan ai zoɓo ne da aka yi wa rowar citta."

A hanyar komawa mutane suka yi ta tsayar da ni suna jajanta mini haɗari. Marinin Kura da na kai wa rigar ya ɗaga ta a rana, ya ce ba ta da magani sai a tsoma ta a baba, kuma kuɗin rinin ya zarce na kwalbar. Liman kuwa ya aiko cewa hularsa zanna ce, kada in kuskura in kawo masa ƙube.