Wufar Tela da Bangon Hajiya

A unguwannin Nima da Mamobi na ƙasar Gana bango ɗaya na mutum biyu ne. Gidajen haya ne masu ɗakuna a jere da rufin kwano, tsakar gida ta kowa da kowa. Nima, unguwar da ta fitar da ƙungiyar mawaƙan VIP, ba a koya mata son kiɗa, sai dai ba ta da wurin da kiɗan zai tsaya.

Wani tela da ke ɗinki kusa da kasuwar Nima ya samu ciniki a ƙaramar salla, sai ya hau motar torotoro zuwa Zongo Lane, layin masu kayan lantarki, ya dawo da sifika biyu da wufa ɗaya, wato sifikar amon ƙasa, mai girman tukunyar waken sayarwa. Sifika ɗaya ya ɗora kan firiji, ɗayar ya cusa ƙarƙashin tebur, wufar kuwa ya ba ta kusurwa, jikin kabad ɗin kwanonin matarsa.

Kusurwa ita ce inda amon ƙasa ke ƙiba, domin bango biyu da daɓe duk suna mayar da shi cikin ɗaki. Waƙar farko ba ta yi nisa ba murafen kwanoni suka shiga amshi, kwanon rufi ya kama ɓari, mawaƙin kuma sai ka rantse a ƙarƙashin tebur ya tsuguna.

"Maigida, kayan aurena ne fa," in ji matar.

Aka kira ɗan 'yar'uwarsa mai gyaran waya a Sakul. Yaron ya karɓi tef ɗin awon kawunsa ya shiga aiki, kuma gaskiya ya san abin da yake yi. Nisan da ke tsakanin sifikun ya zama daidai da nisan kowace zuwa kujerar mai saurare. A janye su daga bango, a ɗan karkato fuskarsu ciki, ƙaramin bakin sama mai fitar da siririn sauti ya yi daidai da kunnen wanda ke zaune. Da aka gama awo, kujerar ta faɗo tsakiyar falo cif, a kan hanyar da ake bi da tuwo.

Tela ya zauna. Murya ta fito tas, a tsakiya, sai dai dum-dum ɗin da ya biya kuɗinsa ya ɓace.

"Kawu, kada ka ƙara," in ji yaron. Kawu ya ƙara. Ya sake ƙarawa.

Ba cutarsa aka yi a kasuwa ba, falon ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya. A ɗaki mai tsawon mita 4, amon da ke kaɗawa wajen sau 43 a sakan yana bugun bango ya dawo ya haɗu da mai tahowa. A tsakiyar ɗaki suna kashe juna, a jikin bango suna haɗa ƙarfi. Wato tela ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina ƙarancin amo, ya aika da kasonsa jikin bango. Siririn sauti bango na tare shi, amon ƙasa kuwa ratsawa yake yi. A bayan wannan bangon akwai gadon Hajiya mai gidan.

Ba ta yi sallama ba.

"Ɗana, haƙorana nake ji suna motsi."

"Mma, wallahi ni ko jin sa ba na yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ɓata mata rai. Ta tuna masa cewa ko lasifikar masallaci ba ta tsira ba a garin nan, balle tasa. Ba ta yi ƙarya ba: a 2018 ministan muhalli Kwabena Frimpong-Boateng ya ba da shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya da WhatsApp, Musulmi suka yi masa ca. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Gana a unguwannin zama kuwa desibel 55 ce da rana, 48 da dare, adadin da Nima ke wucewa tun kafin masu koko su sauke tukunya.

Gyaran bai ci ko sidi ɗaya ba. Aka ja kujera baya ta bar tsakiya, aka fitar da wufa daga kusurwa aka ɗora ta kan guntun soso nesa da bangon Hajiya, aka rataya labule mai kauri, aka rage ƙarfi. Amo ya dawo, kwanoni suka yi shiru.

Ana haka Mayu ya kama, sarakunan ƙabilar Ga suka shelanta haramcin kiɗa da hayaniya na wata guda da suke sanyawa kowace shekara kafin bikin Homowo. Tela ya yi ta bayani cewa lasifikun waje ake nufi, na majami'u da masallatai da mashaya. Hajiya ta ce a gidanta dokar har cikin ɗaki ta shiga, ta sa jikanta ya ɗauke wayar wufar ya kai mata ajiya.